Takardar da Ke Shiga Ofis Kafin Mai Ita



Abin da ya tara mu yau shi ne takardar bayanin kai, wadda ake kira CV, watau takardar nan da ke shiga ofis kafin mai ita ya yi sallama. Mu da ke karatun ilmin motsa jiki da lafiya a Jami'ar Bayero mun fi kowa bukatar kyautata ta, domin akwai masu ɗaukar ma'aikata da ke zaton shekarunmu na jami'a a buga ƙwallo suka ƙare. Idan takardar ba ta kau da wannan zato ba, ba za a kira mu ganawa ba, balle mu kare kanmu da baki.

Matsalarmu ta farko ita ce kunya. An rene mu a kan cewa yabon kai jahilci ne, kuma haka ɗin ne. Amma faɗin abin da mutum ya aikata, da wurin da shekarar, shaida ce. Wanda ya rubuta cewa shi haziƙi ne mai ƙwazo ya yabi kansa. Wanda kuwa ya ambaci makarantar da ya yi koyon aikin koyarwa, da yawan yaran da ya horar, da watannin da ya yi, ya bar wa mai karatu hukunci.

Tsarin ba shi da wuya. Mu fara da suna da adireshi da lambar waya. Sai karatu, daga na ƙarshe mu koma baya, mu kuma ambaci darussan da ke nuna kimiyya muka karanta: ƙirar jikin ɗan'adam, aikin zuciya da huhu lokacin motsa jiki, abincin 'yan wasa, da taken bincikenmu na kammala digiri. Daga nan sai ayyuka, har da bautar ƙasa da wakiltar jami'a a wasannin NUGA. Mai shaidar taimakon gaggawa, ko rajistar malanta ta TRCN, ko kwas na Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Legas, ya sa. Shafi biyu sun isa.

Kada mu ce babu wurin kai ta. Filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ya karɓi wasannin duniya na matasa a 1999 da 2009, da na Kofin Afirka a 2000. Kano Pillars, wadda aka kafa a 1990, ta ci kofin lig na ƙasa a 2008, 2012, 2013 da 2014. Irin wannan harka tana bukatar mai horarwa, da mai auna ƙarfin jiki, da mai kula da rauni. Sai dai kowace ƙofa da mabuɗinta. In makaranta muka nufa mu gabatar da koyarwa, in kulob ne mu gabatar da horarwa. Kada kuma mu raina aikin da muka yi wa ƙungiyar unguwa, ko shirya gasar langa da kokawa, muddin akwai mai shaida.

Abu na ƙarshe, ramin ƙarya ƙurarre ne. Mutanen wasanni a Kano sun san juna, waya ɗaya ta isa ta tona asirin wanda ya ari aikin wani, kuma sunan da ya ɓaci a nan da wuya ya gyaru. Mu nemi izinin malami kafin mu sa sunansa a matsayin mai tsaya mana.

Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Kowa ya sami littafi tun yau, ya riƙa rubuta abin da ya yi da ranar da ya yi shi. Allah ya ba mu sa'a, amin.