Gado da Reno: Me Ke Ɗaukaka Ɗa?

Ga jawabin da wakilinmu ya yi wa manoma, maza da mata, masu karatun yaƙi da jahilci a ƙasar Ƙwanni.

 

Ɗazu wani dattijo ya yi mini tambaya. Ya ce, "Mushe, in ɗa zai zama wani abu, ai a jininsa yake. To wahalar me muke yi?" Na ce masa, "Baba, bari a taru, in ba da amsa gaban kowa."

Mu fara da albasa, tun da kowa ya san ta. Irin Galmi ya yi suna, har Abijan ana neman sa. Amma ku ɗauki iri ɗaya, daga tiya ɗaya, ku ba mutum biyu. Wannan ya zuba taki, ya yi ban ruwa a kan lokaci, ya cire haki. Wancan ya dasa, ya tafi yawo. Ranar cira, za su cika buhu daidai? Kun san amsa.

Ban ce jini ba kome ba ne. Da gaske ne ɗa yana ɗauko kama, da launi, da wani abu na tsawo daga iyayensa. Akwai ma ciwon da ake gado, kamar amosanin jini. In uba da uwa duka suna ɗauke da ƙwayarsa a ɓoye, kowane ciki yana da kashi 1 cikin 4 na zuwa da ciwon. Shi ya sa likita ke cewa a auna jini kafin aure. Wannan gado ne na gaskiya.

Amma abu da yawa da muke ɗora wa jini, ba nasa ba ne. Ga yaro ɗan shekara 5, ƙanƙane, ba kuzari. Sai a ce haka gidansu suke. A'a. Sau da yawa yunwa ce ta taɓa shi tun yana ciki. Likitoci sun ce daga ɗaukar ciki zuwa shekara 2, wajen kwana 1000, nan ne jiki da ƙwaƙwalwa suke ginuwa. Abin da aka rasa a nan, da wuya a maido shi. Nonon uwa zalla har wata 6. Bayan nan kunu mai ƙuli-ƙuli, da wake, da zogale, da ƙwai. Mazaje, da ku nake. Ƙwan da kuke kaiwa kasuwa duka, ku bar wa mai ciki da yaro nasu.

Sai gona. Uba mai eka 6 ya rasu, ya bar ɗiya maza 3 da mata 2. Aka raba yadda addini ya ce. Kowane namiji ya tashi da eka ɗaya da rabi. Shi ma gobe nasa ɗiyan za su raba. Gona ba ta haihuwa, mu ne muke haihuwa. Wanda ya dogara ga gado kaɗai, jikansa zai gaji kunya biyu ko uku.

To ku dubi abin da ya faru a ƙasar Illela. A 1989 wasu manoma daga can suka tafi Yatenga, a Burkina Faso, suka ga yadda ake gina ramu a fako, a zuba taki a ciki, ruwan sama ya tsaya. Suka dawo suka gwada. Shi ne tassa. Faƙon da ko akuya ba ta tsayawa a kai ya ba da hatsi. Har aka fara sayen fako da kuɗi a wajajen Badagishiri. Waɗannan mutane ba a jininsu suka sami wannan dabara ba. Koyo suka yi. Yau yaron da ya tashi yana bin ubansa da kwandon taki ya riga ya sami abin da ya fi eka guda.

Yanzu zan taɓa maganar da ba a son taɓawa. Ita ce maganar asali.

Lokacin da nake koyarwa a wani ƙauye, akwai yaro mai kaifin kai a ajina. Lissafi kamar ruwa. Yara ba su yarda ya zauna benci ɗaya da su. Suka ce ɗan bayi ne. Ni kuma, Allah ya gafarta mini, na bar shi a baya don kada manya su yi fushi. Shekara ba ta ƙare ba ya daina zuwa. Jininsa bai hana shi karatu ba. Bakin mutane ne ya hana shi, da shirun da na yi. Har yau abin yana ci mini rai.

Kun ji labarin Hadijatu Mani, a nan ƙasarmu ta Ƙwanni. Don uwarta baiwa ce, a 1996 aka sayar da ita jika 240, tana shekara 12. Aka mai da ita wahaya. Ta yi shekaru tana bauta. A 2005 aka ba ta takardar ƴanci, amma da ta auri wanda take so, sai da aka kulle ta a kurkuku. Ba ta yi shiru ba. Ƙungiyar Timidriya ta tsaya mata. Ranar 27 ga Oktoba 2008, kotun CEDEAO ta ce an zalunce ta, ƙasa ba ta kare ta ba, a biya ta miliyan 10 na sefa. Gwamnati ta karɓi hukuncin. Tun 2003 kuma akwai doka: wanda ya bautar da mutum, ɗaurin shekara 10 zuwa 30 ne. Doka ta yi nata. Amma doka ba ta shiga zaure ta ji abin da muke faɗa wa yaranmu da dare. Yaro ba ya zuwa duniya da sanin wane ɗa ne, wane bawa. Mu ne muke koya masa.

Ana cewa kyan ɗa ya gaji ubansa. Na yarda. Ɗan maƙeri ya koyi ƙira, sana'a ce mai albarka, in babu shi babu hauya. Amma ya haɗa da karatu. Masana'antar siminti ta Malbaza tana gabanmu tun shekarun 1960. Wanda ya iya karatu da lissafi, da wanda bai iya ba, ba aiki ɗaya ake ba su ba, ba kuma albashi ɗaya ba. Ba a tambayar sunan kakanka a bakin inji. Haka a ƙungiyar manoman fadamar Ƙwanni, wanda ya iya rubutu shi ke riƙe littafin kuɗin ruwa.

Ɗiya mace ma haka. A Disamba 2017 gwamnati ta fitar da doka don a bar yarinya a lakkwal har shekara 16. Uwar da ta yi karatu takan karanta katin awo, ta san ranar rigakafi, ta duba littafin ɗanta.

Ku da kuke zaune nan da furfura kuna koyon a, ba, ca, yaranku suna leƙe ta taga. Na gan su. Gobe in kun koma gida, ku karanta musu wannan jarida da ƙarfi. Wanda ɗansa bai da takardar haihuwa, ya je wurin magajin gari tun kafin a koma lakkwal a watan Oktoba.

Baba mai tambaya, ga amsata ke nan. In da saura, tashi mu ji.