Garin Da Ke Shanye Hayaƙi: Amsa Ga Mai Sauraro Daga Andarai

Wasiƙarmu ta yau daga Andarai ta fito, cikin ƙaramar hukumar Maiyama. Mai ita manomi ne. Ya ce a kasuwar Jega ya ji ana hira wai masana sun haɗa wani gari mai shanye hayaƙin da ke ɗumama duniya. Yana tambaya, gaskiya ne? In gaskiya ne, zai gyara mana damina?

To Malam, gaskiya ne. Ka san yadda gawayi ke shanye wari? Ƙananan ramukan jikinsa ne ke riƙe shi. Wannan gari da ake kira MOF haka yake, sai dai shi masana ne ke tsara ramukansa. Sukan ɗauki ƙwayoyin ƙarfe, kamar tagulla ko tutiya, su haɗa su da wasu sinadarai, kamar yadda kake kafa dirkoki ka ɗaura azara ka yi rumfa. Sai a sami ɗakuna birjik waɗanda ido ba ya gani, an auna su yadda za su kama iskar kabon, sauran iska ta wuce. In da za a shimfiɗa bangayen ɗakunan da ke cikin giram biyu kacal na wani irinsa, sai su rufe filin ƙwallo. Ni ma da na fara ji sai da na riƙe baki.

A kan wannan aiki aka ba mutum uku kyautar Nobel a 2025: Richard Robson, Susumu Kitagawa da Omar Yaghi, ɗan Falasɗinawa 'yan gudun hijira da aka haifa a Amman.

Batun damina kuwa, kada ka sa rai da wuri. Inda garin ya fi amfani shi ne bakin bututun masana'anta, wurin da hayaƙi ke da kauri. An gwada wani irinsa a kamfanin siminti a Kanada: in ya cika a tura masa tururi ya saki iskar, a tara ta, a sake amfani da shi. Amma wadda ta riga ta bazu a sama, kashi huɗu ce kawai cikin dubu goma, tsamo ta akwai tsada ainun. Saboda haka ambaliya irin ta 2020 da ta cinye shinkafar Kebbi, wannan gari bai isa ya tare ta yanzu ba.

Kuma ba taki ba ne, ba a barbaɗa shi a gona. Duk wanda ya kawo maka shi a leda, a Jega ko Aliero, riƙe kuɗinka. A gaishe da mutanen Andarai.