Jawabi Game da Tsare Ƙofar Shiga Na'urorin Kamfani Daga Nesa



Maƙasudin wannan jawabi shi ne a faɗakar da ma'aikata da masu kamfanoni game da yin aikin ofis daga nesa. A da, duk mai son duba littafin kuɗi ko takardun albashi sai ya taka da ƙafarsa ya je ofis, maigadi ya gan shi. Yanzu kuwa akawu yana zaune a gidansa a Kano, sai ya kunna kwamfuta ya shiga manhajar kamfaninsu da ke Legas ta intanet. Wannan al'ada ta ƙara bazuwa tun shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta tsare mutane a gida. Amfaninta a fili yake. To, amma ƙofar da aka buɗe wa ma'aikaci, ɓarawo ma yana iya taɓa ta daga kowace ƙasa ta duniya.

Kamfanoni da yawa suna amfani da wata hanya wadda masana ke kira VPN. Aikinta shi ne ta haɗa kwamfutar ma'aikaci da na'urorin kamfani, ta kuma rikiɗa saƙon da ke wucewa tsakaninsu, yadda ko da wani ya tare shi ba zai iya karantawa ba. Sai dai ku lura, hanya kawai take tsarewa, ba ta san fuskar kowa ba. In ba a ƙara mata wani sharaɗi ba, duk wanda ya kawo suna da kalmar sirri daidai za ta buɗe masa.

Abin da ya sami kamfanin Colonial Pipeline na Amurka ya isa misali. Wannan kamfani shi ke da bututun mai na kimanin mil 5,500, wanda ke ɗaukar wajen kashi 45 cikin 100 na man da ake sha a gabar gabashin ƙasar. A shekarar 2021 wata ƙungiyar 'yan damfara mai suna DarkSide ta shiga na'urorinsa ta wani tsohon asusun VPN wanda aka daina aiki da shi amma ba a rufe ba. Kalmar sirrinsa ta riga ta faɗa hannun miyagu, kuma asusun ba ya neman wata shaida ta biyu. Da suka shiga sai suka kwashi bayanai, suka kulle na'urori, suka nemi kuɗin fansa. Ran 7 ga Mayu kamfanin ya tsayar da bututun baki ɗaya, bai fara sake aiki ba sai ran 12 ga wata. Gidajen mai suka ƙafe a jihohi da dama, kamfanin kuma ya biya kimanin dala miliyan 4.4. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare kan shiga; a nan tsagar ba ta wuce asusu ɗaya da aka manta da shi ba.

Saboda haka ga abin da ya wajaba a kan masu kamfani. Da farko, kada a yarda kowa ya shiga da kalmar sirri kaɗai. Lalle ne a haɗa ta da shaida ta biyu, watau wata lamba da manhajar wayar ma'aikaci ke fitarwa tana canjawa bayan 'yan daƙiƙoƙi, ko wani ɗan makulli da ake sokawa a jikin kwamfuta. Na biyu, ranar da ma'aikaci ya bar aiki, a ranar za a rufe asusunsa. Na uku, a ba kowa izinin abin da aikinsa ya shafa kaɗai. Mai kula da sito ba shi da hurumi a takardun albashi. Na huɗu, da zarar masu ƙera na'urar VPN sun fitar da gyara, a ɗora shi ba da jinkiri ba, domin ɓarayi na farautar waɗanda suka yi sakaci.

Ku kuma ma'aikata, kalmar sirrin ofis amana ce a hannunku. Kada ku maimaita ta a Facebook ko wani dandali, domin in aka sace ta can, za a gwada ta nan. Kada ku ara wa iyali kwamfutar aiki. In wani ya bugo waya ya ce shi jami'in kamfani ne, ku karanto masa lambar da ta fito a wayarku, to, ku kashe wayar ku sanar da shugabanku nan take.

A ƙarshe, a sani doka ba ta bar wannan al'amari haka ba. Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015 ta haramta shiga na'urar wani ba da izini ba. Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta ɗora wa kamfani alhakin tsare bayanan mutane da ke hannunsa, in kuwa aka yi kutsen da ka iya cutar da masu bayanan, ya sanar da Hukumar Kare Bayanai ta Nijeriya cikin awa 72. Muna kira ga kowane shugaban kamfani da ya sa a ƙirga masa asusun shiga daga nesa a cikin makon nan, a rufe duk wanda ba shi da mai shi.