Robin Day da Tambayar Masu Mulki



A farkon shekarun 1950, idan ɗan jarida a Ingila ya zauna gaban minista a talabijin, kusan aikin maroƙi yake yi: ya tambaye shi ko yana da saƙon da zai ba jama'a, minista ya zuba, a yi godiya a watse. Wanda ya fi kowa sauya wannan hali shi ne Robin Day, wanda aka haifa a 1923, ya rasu a 2000.

Asalinsa lauya ne. Ya karanta shari'a a Oxford, ya shugabanci ƙungiyar muhawarar ɗalibanta a 1950, ya zama lauya a 1952. Bai daɗe a kotu ba, amma ya fito da abu guda: yadda ake yi wa shaida tambayar ƙwaƙwaf, a ƙi sakinsa sai ya amsa abin da aka tambaye shi. Da wannan ya shiga kafar labaran talabijin ta ITN a 1955.

A 1957, shekarar da aka buɗe Sashen Hausa na BBC, ya tafi Alƙahira ya yi hira da Shugaba Nasser na Masar, alhali raunin rikicin Suez bai warke ba, babu ma hulɗar jakadanci tsakanin Masar da Birtaniya. A 1958 kuma ya tambayi Firaminista Harold Macmillan kan sukar da ake yi wa ministan harkokin wajensa, Selwyn Lloyd. Yau wannan ba komai ba ne. A wancan lokacin jaridu sun yi ta cece-kuce kan ko ya dace a tambayi shugaban gwamnati makomar ministansa a bainar jama'a. A ganina ya dace ƙwarai, domin kujerar minista amanar jama'a ce, kuma suna da haƙƙin jin yadda ake riƙe ta.

Ya tsaya takarar majalisa a Hereford ƙarƙashin jam'iyyar Liberal a 1959, ya faɗi, ya koma BBC, shirin Panorama. Daga 1979 zuwa 1989 ya jagoranci shirin Question Time, inda mutanen gari ke jefa wa 'yan siyasa tambaya da bakinsu. An ba shi lambar girma ta Sir a 1981.

Abin da aka fi tunawa da shi ya faru a 1982. Ya tambayi ministan tsaro John Nott, wanda ya riga ya sanar zai bar siyasa, dalilin da zai sa jama'a su gaskata shi a kan rage kuɗin sojan ruwa, su bar maganar babban hafsan da ya san aikin, tunda shi Nott yau yana nan gobe ba ya nan. Nott ya cire makirfo ya fice. Matasan 'yan jaridarmu kan ɗauki wannan a matsayin nasara. Ni ban ɗauke shi haka ba: minista ya tafi, tambayar ba ta sami amsa ba, mai kallo ya tashi hannu rabbana. Ƙarfin Day na gaske yana cikin hirarrakin da ba a yi faɗa ba, inda ya zo da takardunsa a karance, ya gaida mutum da girmamawa, ya saurari amsa, sannan ya ɗora tambaya ta biyu a kan gibin da ya ji.

Ya kuma shafe shekaru yana kira a bar kyamara ta shiga zauren majalisar wakilai. An amince, aka fara nuna zamanta a Nuwamban 1989, shekarar da ya bar Question Time.