Ɗa a Bakin Teku, Iyaye a Tudu



Muna godiya da kuka ba mu wannan dama, alhali mu ba malamai ba ne, ba kuma sojoji ba. Mu iyaye ne waɗanda 'ya'yansu suka shiga aikin sojan ruwa, kuma maganar da muka zo da ita guda ce. Ranar da yaro ya shiga makarantar kurata, horo biyu ake farawa, ɗaya a bariki, ɗaya a gida. Na bariki yana da malamai da tsari da ranar ƙarewa. Na gida kuwa ba shi da malami sai iyayen da suka riga mu ɗanɗanawa.

Bari mu fara da inda yaran suke zuwa. An kafa rundunar sojan ruwa ta ƙasar nan a 1956, ta ɗauki sunan da take da shi yanzu a 1963, sa'ad da Nijeriya ta zama jamhuriya. Makarantar horar da kuratanta tana Onne, a ƙasar Eleme ta Jihar Ribas, kusa da Fatakwal, watau tafiyar kimanin kilomita 1,000 daga Kano. A can kurtu yakan yi kamar wata shida. A aske masa kai, a tashe shi tun kafin asuba, ya yi gudu da fareti, ya koyi riƙon bindiga da iyo da ɗaurin igiya da kashe gobara da sauran ayyukan jirgi.

Bahaushe ya daɗe da sanin sojan ƙasa, domin makarantar kuratansu tana Zariya tun 1924. Amma teku baƙuwa ce a gare mu, da yawa cikinmu ba su taɓa ganin ruwan da ya fi na madatsar Tiga ba. Ko da yake 'yan Arewa sun shugabanci rundunar, kamar Murtala Nyako daga 1990 zuwa 1992, da Awwal Zubairu Gambo daga 2021 zuwa 2023, wannan ba ya sa uwa ta yi barci daren da ɗanta ya hau mota.

Abu na farko da yake samun iyaye shi ne shiru. Kurtu ba ya riƙe waya yadda ya ga dama, sai a yi makonni ba a ji ɗuriyarsa ba. Uba yakan ce komai na Allah ne, ya juya ya kwana yana kallon rufin ɗaki. Uwa kuwa, in ɗan fari ne ya tafi, kunya ba ta barinta ta ambaci ko sunansa, balle ta faɗi damuwarta a gaban mutane. To, wa za ta gaya wa? Sai uwa irinta. Mun ga yadda kalma ɗaya daga wadda ɗanta ya gama bara, cewa shirun nan haka yake, lafiya ce ta kawo shi, take yin abin da nasihar dangi duka ba ta yi ba.

Na biyu shi ne jita-jita da 'yan damfara, domin sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Wata daga cikinmu, wadda mijinta ya rasu, an buga mata waya da tsakar dare aka ce ɗanta ya faɗi wurin gudu, in ba ta aika kuɗin magani kafin gari ya waye ba, za a kore shi. Har ta ɗaure keken ɗinkinta za ta kai kasuwa, sai ta tuna da wani dattijo cikinmu wanda ɗansa ya riga ya gama. Ya ce mata, "Hajiya, ajiye kekenki. Soja shi yake jinyar kurtunsa, kuma ba a sayen gurbi a aikin nan." Bayan kwana tara yaron ya kira da kansa, lafiyarsa ƙalau. Da ita kaɗai ce, da ta rasa jarinta.

Na uku ya fi duka wuya, watau ranar da yaro ya samu waya ya ce ya gaji, a zo a ɗauke shi. A nan ne tausayi yake iya zama cuta. Uwar da ta ce wa ɗanta ya gudo gida ta jefa shi cikin laifin da dokar soja take hukuntawa, ta kuma bar masa tabon da zai daɗe yana jinya. Mun koya daga juna cewa a saurare shi har ya gama, a sa masa albarka, a ce ya ƙara mako guda. In cuta ce ta gaske ko zalunci, a bi ta hannun hukumar makarantar, kuma muryar iyaye goma ta fi ta mutum ɗaya isa.

Saboda haka muka riƙe zumunta, wadda Hausawa suka ce a ƙafa take. Mukan ziyarci juna, mu yi addu'a tare, kowa bisa addininsa, domin cikinmu akwai Musulmi da Kirista. Mukan yi adashi tun watan farko saboda kuɗin motar zuwa faretin yaye, wanda bai samu zuwa ba kuma a riƙe masa ɗansa kamar na cikinmu. Mun kafa wa kanmu doka ɗaya: ba a yaɗa labarin da ba a tabbatar ba.

Ku kuma ɗalibai, kuna da rabonku. Waɗannan kurata ƙannenku ne da abokan karatunku. Ku ne kuka iya karanta sanarwar hukuma, ku bambance ta da ta bogi, saboda haka in kun je hutu ku karanta wa iyayen unguwarku. Kada kuma ku raina wanda ya sa kaki don ku kun samu jami'a, domin shi zai tsare ruwan da abinci da man ƙasar nan suke bi.

Daga ƙarshe, ranar yaye ba ita ce ƙarshen jira ba. Daga nan sai a tura yaro Ikko, ko Kalaba, ko Yenagoa, ko Baga a bakin Tafkin Cadi, jira sabo ya fara. Don haka wanda ɗansa ya gama kada ya janye jiki, domin bana ma akwai uwar da take zaune ita kaɗai da waya a hannu. A neme ta tun ɗan damfara bai riga mu ba.

Allah ya tsare mana su a ruwa da tudu. Wassalamu alaikum.