Amsoshin Wasiƙunku: Baba ya ga bidiyo, ya ce ya fasa hawa jirgi

Yau wasiƙa ɗaya ce za ta cinye mana kusan duk lokacin, saboda haka waɗanda suka aiko da gaishe-gaishe su yi mana haƙuri sai mako mai zuwa.

Wasiƙar ta fito ne daga wani ƙauye da ke tsakanin Malumfashi da Ƙafur. Mai ita ya roƙi a sakaya sunansa, mun kuwa sakaya. Ya ce mahaifinsa manomi ne, shekara da shekaru yana ware wani abu daga masara da waken suya da auduga, har Allah ya sa kuɗin kujerar Makka suka cika, aka biya, aka yi fasfo, aka soma zuwa bita. Ana nan sai wani jikansa ya nuna masa waɗansu bidiyo a waya, jiragen sama suna faɗuwa suna kamawa da wuta, an kuma rubuta a ƙasan ɗaya wai jirgin alhazai ne. Tun daga ranar tsoho ya rage cin abinci, ya ce shi dai a karɓo masa kuɗinsa. Ɗan ya haɗo mini da bidiyon guda uku, ya ce, "Malam, don Allah ka duba mana, gaskiya ne ko ƙarya? Baba ba ya jin maganarmu, amma shirinka ba ya wuce shi."

To, ɗan'uwa, na gode da wannan amana. Baba kuma, in kana kusa da akwatin rediyo, ina gaisuwa. In kuwa jarida ce ta iso gidan, a zaunar da yaro mai karatu da kyau ya karanta maka a tsanake.

Da farko dai kada kowa ya yi wa Baba dariya. Ni da nake wannan magana sai da na haura shekara talatin kafin in taka jirgi, kuma ran nan hannun kujera ya sha matsa. Mu mutanen yankin Funtua jirgin da muka tashi muka sani na ƙasa ne, wanda ya riƙa ratsawa ta nan daga Zariya zuwa Gusau da Ƙauran Namoda. Na sama kuwa a hoto muka san shi. Akwai na jikin kalanda, akwai giwar nan mai fikafikai ta kamfanin Nigeria Airways da muke gani a kayan alhazai, akwai kuma labulen mai ɗaukar hoto ranar salla, wanda aka zana wa jirgi mutum ya tsaya gabansa yana riƙe da ƙugu, alhali ko Katsina bai taɓa zuwa ba. A waɗancan hotuna jirgi kullum lafiya lau yake, yana ƙyalli. A wayar yau kuma kullum faɗuwa yake yi. Kowanne gefe ɗaya ya nuna maka.

Bari mu ɗauki bidiyon da ya fi tayar wa Baba da hankali, wanda aka ce na alhazai ne. Ƙaton jirgi ya tashi, ya ɗaga kai sama fiye da kima, ya tsaya cak kamar an riƙe shi, sannan ya karkata ya rikito kusa da titi, wuta ta tashi. Wannan hoto gaskiya ne, ba haɗi ba ne. Rubutun da ke ƙasansa ne ƙarya. Abin ya faru ran 29 ga Afrilu, 2013, a sansanin Bagram na ƙasar Afganistan, kyamarar da ke gaban wata mota ce ta ɗauka. Jirgin kaya ne, Boeing 747, babu fasinja ko ɗaya a ciki sai ma'aikata 7, kuma dukansu sun rasu. Motoci masu sulke guda 5 ya ɗauko. Masu bincike sun gano ba a ɗaure su yadda ya kamata ba, da jirgi ya ɗaga sai ta baya ta tsinke ta gangara, ta fasa kayan da matuƙi ke sarrafa wutsiyar jirgi da su. Duk wanda ya taɓa loda wa babbar mota buhunan masara a kasuwar Dandume ko ta Bakori ya san abin da nake nufi, kaya in suka zame baya a kan tudu, direba sai dai addu'a. To, ka ga bidiyon da ya haura shekara goma, sai ga shi wani ya tono shi ya sake masa suna. Ban san me mai yin haka yake samu ba, amma dai ga tsoho ya bar tuwo a kansa.

Af, tun da zance ya biyo ta nan, alhazanmu masu ɓacin rai in an ɗora jakarsu a sikeli an ce ta yi nauyi, ga dalilin. Ba ƙeta ba ce. Kafin jirgi ya tashi sai an san nauyin abin da ke ciki da kuma inda aka ajiye shi.

Na biyu shi ne wanda aka ɗauka da dare, jirgi yana gudu a kan titinsa wuta na bin sa, daga baya aka nuno shi ya ƙone ƙurmus sai fikafikai. Shi ma gaskiya ne. A filin jirgin Haneda na birnin Tokyo ne, ƙasar Japan, ran 2 ga Janairu, 2024. Yana sauka ya yi karo da wani ƙaramin jirgi na masu tsaron gaɓar teku, mutum 5 cikin 6 na ƙaramin suka rasu. To amma, Baba, ga abin da jikanka bai gaya maka ba, don shi ma bai sani ba. Mutum 379 ne a cikin babban jirgin nan, kuma dukansu sun fita da ransu. Ƙofa 3 kaɗai cikin 8 aka iya buɗewa, amma mutane suka bi umarnin ma'aikata, suka bar jakunkunansu, suka fita bi da bi. In da ni ke shirya bitar maniyyata, wallahi wannan bidiyo zan riƙa nunawa, don mu namu halin mun san shi, wani sai ya tsaya ciro buta da darduma ya tare wa mutum hamsin hanya.

Na ukun ba zan ɓata lokaci a kansa ba. Wasan kwamfuta ne irin na yara. Jirgi yana juyi a sararin sama, kyamara tana biye da shi ta baya, tana kewaya shi. Ka tambayi kanka, wa ke riƙe da kyamarar, a kan me yake tsaye? Yanzu kuma ga na'urorin da ke ƙirƙiro bidiyo daga babu, don haka irin wannan sai ƙaruwa.

Ba zan zauna nan in ce maka jirgin alhazai bai taɓa faɗuwa ba, don ka girme ni, ka kuma san ya taɓa. Ran 22 ga Janairu, 1973, jirgin da ya kwaso alhazai daga Jidda zai tafi Legas aka karkato da shi Kano saboda rashin kyawun yanayi, ya yi haɗari wajen sauka, mutum 176 suka rasu. Ran 11 ga Yuli, 1991, wani da aka yi haya daga wani kamfanin Kanada ya tashi daga Jidda zai nufi Sakkwato, ya kama da wuta ya faɗi, mutum 261, ba wanda ya fita. Wannan na biyun har yau yana ci mini rai in na tuna, don abin da ya jawo shi ƙarami ne. Iskar tayu ce ba ta kai ba, an kuma san da haka, amma gaggawa ta sa aka tashi. Tayu suka fashe a kan titi suka kama da wuta, aka naɗe su cikin cikin jirgi da wutarsu. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Ko a Yunin 2025 wani jirgin Indiya ya faɗi a Ahmedabad jim kaɗan da tashinsa, mutum ɗaya tak ya tsira cikin 242. Duk wannan ya faru.

Abin da waya ba ta nuna maka shi ne sauran. Kowace rana ta Allah jiragen fasinja suna tashi kimanin sau 100,000 a duniya. Ba mai ɗaukar bidiyon jirgin da ya sauka lafiya ya watsa, in ma ya watsa ba mai kallo. A 2023 Saudiyya ta ba Nijeriya kujeru 95,000, jirage suka yi ta jigila daga Katsina da Kano da Kaduna da Sakkwato da sauran wurare, aka kai aka dawo. Ka ga bidiyon wannan ko ɗaya? A wannan shekarar dai hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta ƙidaya mutum sama da 5,000 da suka rasu a kan titunanmu. Ni a ganina, motar da za ta ɗauke ka daga Malumfashi zuwa sansanin alhazai ita ya kamata a fi sa wa ido, a duba tayunta, a ja kunnen direba.

Saura in gaya maka abin da za ka tarar, don kada ya zo maka ba zato. Wajen tashi akwai ƙara mai ƙarfi, za ka ji kamar ana danna ka jikin kujera. Jim kaɗan za ka ji wani gurum a ƙasa, tayu ne ake naɗewa. Kunne zai toshe, haɗiye yawu ko ka yi hamma. In ka leƙa taga ka ga fiffike yana lanƙwasa yana rawa, haka aka ƙera shi, don reshen da ba ya lanƙwasa shi iska ke karyawa. Lokacin da nake koyarwa a firamare nakan ce wa yara su tuna yadda hannu ke ɗagawa in an miƙa shi waje ta tagar mota an ɗan karkata tafi. To, iskar nan ce ke ɗauke da jirgi, injin aikinsa ya tura shi gaba da gudu. Wani lokaci jirgi zai yi ta girgiza kamar mota a hanyar burji bayan damina, wato ya shiga iska mai hargitsi. Maganinta bel, a ɗaura shi ko da ba a ce a ɗaura ba, don waɗanda kan ji rauni galibi marasa bel ne. Tsakanin awa huɗu zuwa biyar kun isa. Kakanninmu da suka bi ta Barno da Cadi da Sudan a ƙafa da jakuna shekaru suke yi, waɗansu ma can suka zauna, zuriyarsu na nan har gobe a garuruwa irin su Mai Wurno a bakin kogin Nilu.

Kai kuma ɗan'uwa, kada ku taru a kansa kuna musu. Nemo mutum biyu sa'anninsa waɗanda suka sauke farali kwanan nan, su zo su yi hira. Nemo bidiyon tafiya cikakkiya tun daga tashi har sauka ku kalla tare, ina tabbatar maka kafin a kai rabi gyangyaɗi zai ɗauke shi. In da hali ku je Zariya, inda kwalejin koyon tuƙin jirgi take tun 1964, ya ga ƙananan jirage suna tashi suna sauka da idonsa. Batun ko tsoro uzuri ne ga wanda ya sami iko, wannan fagen malamai ne, a kai musu. Kuma in duk an yi ya ce shi dai a'a, kada a tilasta masa, kuɗinsa ne, guminsa ne.

Saura minti biyu, bari in taɓa wata gajeruwa daga Funtua. Wani manomi ya ga bidiyo wai farin layin da jirgi ke bari a sama magani ne ake fesawa don a hana ruwa sauka. Malam, ba haka ba ne. Jirgin yana sama da kilomita 10 daga ƙasa, inda sanyi ya fi na cikin firji nesa ba kusa ba. Tururin da ke fita daga injin sai ya daskare nan take ya zama ƙanƙara, kamar hucin bakinka da asubar hunturu. Jirgin feshi na gaske, irin wanda ake kawowa don tsuntsayen jan-baki, ƙarami ne, kuma ƙasa-ƙasa yake bi, har kana iya hango matuƙinsa.

Mai wasiƙar Malumfashi, ka rubuto ka gaya mana yadda kuka ƙare da Baba. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, a huta lafiya.