Ramin Taki a Bayan Aji



Manomin Batsari da na Safana sun san kuɗin buhun takin zamani. Sun sani sarai. Amma ɓawon rogo da ruɓaɓɓen tumatir, waɗanda awaki suka bari, juji ake kai su.

To, ga shawara. Kowace firamare ta haƙa rami ɗaya a bayan aji. Rami ɗaya tak. Yara su zuba ɓawo, su rufe da busasshen ganye da kashin awaki, su yayyafa ruwa. Lokaci-lokaci a juya. Leda kam, a tsame ta, ba ta ruɓewa. Idan aka fara da kaka, kafin damina taki ya nuna.

Malamai, don Allah ku ba yaran nan shebur su fara.